Taimako kafin ƙarfe 4: yaya zan kira wannan gasa ta kan ƙanƙara?

'Yar Sutudiyo: Assalamu alaikum. Jama'a ina cikin matsi. An ba ni minti uku a shirin wasanni na yau kan gasannin da ake yi a hutun ƙarshen shekara, rabona kuma ya faɗo kan wata gasar hoki ta makarantun Amurka, Great Lakes Invitational, a jihar Mishigan. Ƙarfe 4 zan shiga ɗaukar murya. Abu huɗu suka tsaya mini a wuya: sunan wasan kansa, da "invitational", da "pairings", da "consolation game". Don Allah kar a ce in bar su da Turanci, yawancin masu sauraronmu a karkara suke.

Gola Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Gasar gayyata. Ƙuri'ar haɗa ƙungiyoyi. Wasan neman na uku. Je ki sha ruwa, an gama.

Ɗalibi a Mishigan: Yaya Gola, uku sun yi, amma ƙuri'a ba ta shiga nan. In ta ce ƙuri'a, mai sauraro zai hango ana zaro sunaye daga kwano kamar na gasar zakarun Turai. Ƙungiyoyi huɗu ne kacal, masu shirya gasar ne ke tsara wa zai kara da wa, su sanar tun da sauran lokaci. Ranar farko wasa biyu. Washegari waɗanda suka sha kashi su fara shiga, sannan waɗanda suka yi nasara su yi wasan ƙarshe. Kwana biyu an tashi. Kuma Anti, kar ki ce kwaleji. A gida in aka ce kwaleji sakandare ake ji ko kwalejin ilimi, waɗannan kuwa jami'o'i ne.

'Yar Sutudiyo: Madalla, jami'o'i. To gayyatar fa? Duka huɗun baƙi ne?

Ɗalibi a Mishigan: A'a. Mai masaukin baƙi ita ce Michigan Tech, tun da aka fara a 1965 a Detroit. Kocinta John MacInnes na cikin waɗanda suka kafa gasar, kofin ma sunansa ya ci. Abin dariyar, ita mai masaukin tana can Houghton, can ƙuryar arewacin jihar, tafiyar kusan awa tara a mota zuwa Detroit. Shekaru da dama Jami'ar Mishigan da Michigan State su ma kujerarsu a ajiye take, sai a gayyato ɗaya ta cike huɗu. Daga 1979 zuwa 2016 gidan gasar shi ne zauren Joe Louis, ban da 2013 da aka fitar da ita fili a Comerica Park. Tun 2022 ta koma birnin Grand Rapids. Ba cancanta ke kai ka ba, kiranka ake yi, don haka "gasar gayyata" ta zauna daram.

Malam Mai Alli: Kun wuce babban kuskure kuna ta ƙananan. Ƙwallo abu ne mulmulalle mai gangarawa. Abin da ake bugawa a wasan nan baƙar roba ce shimfiɗaɗɗiya, zamewa take yi a kan ƙanƙara. Wanda ya kira ta ƙwallo ya yi wa makaho ƙarya, mai sauraron rediyo kuwa da kunne yake gani. Faifai ne. Sunan wasan: faifan gora. Shekara 31 ina koyar da Hausa, ban taɓa barin ɗalibi ya kira tulu randa ba.

Gola Mai Ritaya: Ranka ya daɗe, faifai ai na rufe kwanon tuwo ne.

Malam Mai Alli: Da garmaho ya zo, me kakanninka suka kira abin da ake ɗora masa? Da CD ya zo fa? Faifai. Kalmar ta riga ta yi wannan tafiyar sau biyu, ta uku ba za ta gagare ta ba.

Ɗalibi a Mishigan: Baba yana da gaskiya kan siffa. Faɗinta wajen santimita 7 da rabi, kaurinta 2 da rabi, nauyi kusan giram 170, har daskarar da ita ake yi kafin wasa don kar ta riƙa tsalle. Amma ni a ido ta fi kama da waina.

Hajiya Uwar Biyu: Wainar gora! Wallahi in na ji wannan a rediyo sai na ɗauka shirin girki ne.

Ɗan Damagaram: Ku bar waina. Ƙanwata, maganar "pairings" ki duba kokowa. Mu nan ƙarshen shekara lokacin gasar takobi ne, kowa ya san a ce an haɗa wane da wane. Haɗi ke nan. Ki ce "ga yadda aka yi haɗin". Tsohuwa a ƙauye ma za ta gane.

Gola Mai Ritaya: Jadawali ya fi. Shi kowa ke ji a labarin wasanni.

Ɗan Damagaram: Kowa a ina? Ku in abu ya fito daga bakin mai karanta labarai a Kano ko Kaduna shi ke nan ya zama Hausa, namu kuma ya zama karin harshe. Jadawali ma ai Larabci ne. Kuma jadawali rana da lokaci yake faɗa, bai faɗi dalilin da wane ya faɗa hannun wane ba.

Malam Mai Alli: Aron Larabci da ya kwana ɗaruruwan shekaru a bakinmu ba ɗaya yake da "hoki" da aka tsinto jiya ba. Matsalarmu ke nan, ba mai tsawatawa. Tanzaniya ta kafa majalisar Suwahili tun 1967, mu kuwa kowane mai makirufo hukuma ne. Shi ya sa nake cewa faifan gora, a kafa shi yau kafin wani ya lalata.

Hajiya Uwar Biyu: Malam, yarinyar nan ƙarfe 4 ta ce, yanzu 3 saura kwata. A bar Tanzaniya ta huta.

Ɗalibi a Mishigan: Haɗi ya fi dacewa, don ba kowace gasa ke da tsari ɗaya ba. A Boston akwai Beanpot, tun 1952, ta jami'o'i huɗu na birnin da kewayensa: Harvard, Northeastern, Boston College da Jami'ar Boston. Ita a Fabrairu ake yi, Litinin biyu a jere, kuma haɗin zagayen farko karɓa-karɓa ne, cikin shekara uku kowa ya gamu da kowa. Kalma ɗaya ta ɗauki duka biyun. Sannan Anti, in kina da daƙiƙa goma, ki faɗi cewa gasar matasa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 tana farawa 26 ga Disamba, sai ta kwashe wa manyan jami'o'i zaratansu. Shi ya sa a gasar hutu ƙarami kan iya kayar da babba.

'Yar Sutudiyo: Wannan zai shiga. Saura "consolation". Neman na uku ya yi mini sanyi.

Hajiya Uwar Biyu: Wasan share hawaye.

Gola Mai Ritaya: Wanda ya sake shan kashi a ciki fa, wa zai share masa? Na buga irinsa, ba abin da yake sharewa. Neman na uku dai.

Malam Mai Alli: Share hawaye Hausa ce tsantsa, na yarda da ita. Kuma tunda wasan kashi uku ne na minti 20-20, a ce turmi uku kamar na dambe, kar in ji an ce "hutun rabin lokaci" a wasan da ba a raba shi biyu ba. Tsohon zauren gasar ma, Joe Louis, sunan ɗan dambe gare shi.

Ɗan Damagaram: Yau dai ni da Malam mun sha a kwano ɗaya. Turmi ya yi.

'Yar Sutudiyo: Na fito. Ga abin da na karanta: "Gasar gayyata ta ƙwallon gora na kan ƙanƙara tsakanin jami'o'i huɗu. An yi haɗin tun tuni, waɗanda suka faɗi a ranar farko za su yi wasan neman na uku, wato na share hawaye." Na sa turmi uku. Baba, na ce abin da ake bugawa wani ɗan faifan roba ne, amma sunan wasan edita ya ce in bar ƙwallon gora, shi mutane suka sani. A yi mini afuwa.

Malam Mai Alli: Kin kira shi faifai a jimla ta biyu, kin kira shi ƙwallo a ta farko. To. Allah ya yi miki albarka. Ki gaya wa editan naku ina nan, baɗi ma akwai Disamba.

Gola Mai Ritaya: Ni dai har yanzu ban ga laifin jadawali ba.