Cigiyar kalma: me za mu kira injektan mota da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Cigiya na zo da ita, amma ta kalma ce, ba ta akuya ba.

Kawuna yana da Fijo 504 a-kori-kura, haɗin Kaduna, wadda ta girme ni. Daga ƙauyenmu da ke gefen Gumel, da ita yake kai riɗi da zoɓo kasuwar Maigatari duk Alhamis. Inji garau, sai dai shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, in ya dawo kasuwa ya zauna lissafi sai ya ga gidan mai ya yi wa dako. Ga gardamar asuba in sanyi ya sauka: a ja cok, a yi ta taka totur, ƙarshe sai yaran unguwa sun tura.

Ƙanena da ya yi karatun kanikanci ya kawo shawarar a cire kafireto a sa mata injekta mai aiki da kwamfuta. Aka wakilta ni in yi wa Kawu bayani. Na ce injekta, ya ce mene ne haka? Na ce allurar mai. Ya dube ni ya ce, "Motar ce ba lafiya, ko kai?" A nan bayani ya tsaya. To, masu sana'a da masana harshe, me za mu ce?

Bakanike daga Wudil:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka bar maganar allura, domin tana da mai ita. A cikin kafireto akwai ɗan kofi da mai ke taruwa, da ƴar balbal da ke iyo a kai, da wata allura da ke toshe hanya in kofin ya cika. Ka aiki yaro Ƙofar Ruwa ya sayo allurar mai, wannan zai kawo maka. In ta ci, ita ce ke sa mota ta riƙa ambaliya kana jin warin fetur tun daga nesa.

Sannan ka ba ni dariya. Mu nan akasin haka muka saba yi. Golf za ta zo daga waje da injektanta, ranar da ta fara shaƙewa, ba mu da na'urar dubawa, sai mu kwashe wayoyin mu ɗora kafireto, direba ya tafi yana sa albarka. Ni kaina na yi wa motoci da dama, Allah ya yafe mana. Yau ga wani zai koma inda muka gudo.

Manomi daga Taura:
Ni ba bakanike ba ne, amma na taɓa tsayawa ana wanke waɗannan injektocin a gareji. An jona su da batir, sai na ga suna tsartuwa fish, fish, hazo-hazo. Wallahi ba su da maraba da bakin injin feshi na goyo da muke yi wa wake magani. Ka matsa iska a tanki, ka danna hannu, ruwa ya fita a watse. A ce feshin mai mana, kowane manomi zai gane.

Bakanike daga Wudil:
Malam, ka kusa, amma da saura. Ai kafireto ma feshi yake. Ka tuna famfon filit na da, wanda iyayenmu ke korar sauro da shi? Iska ce ke wucewa da gudu ta bakin ɗan bututu, sai ta zuƙo maganin daga gwangwani. Haka kafireto yake: yana da maƙogwaro mai ƙunci, iskar da inji ke shaƙa in ta zo nan sai ta ƙara gudu, ta zuƙo fetur ta ramin jet, su gauraya su shige. In ka ce feshin mai kawai, ba ka raba su ba.

Ƙanen mai tambaya:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma a nan bambancin yake. Kafireto jira yake iska ta zuƙa. Ramin jet kuwa mudu ɗaya ne rani da damina, sai dai a kunce a canza. Shi ko injekta, tura man ake yi da ƙarfi, kuma sai an auna. Fetur yana ƙonewa tas ne in kowane kilo 1 ya sami iska kimanin kilo 14.7. In mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi da baƙin fulogi da asara. In ya yi kaɗan, inji ya yi zafi ya rasa ƙarfi. Ƙwaƙwalwar motar, wadda kanikawa ke kira biren bos, aikinta ke nan: wani abu yana gaya mata yawan iskar da ke shiga, wani zafin ruwan lagireto, wani inda ƙafar direba take a kan totur, wani kuma yana zaune a bututun salansa yana shinshinar hayaƙi ya ce an yi yawa ko an yi kaɗan. Daga nan sai ta yanke tsawon lokacin da bakin feshin zai buɗe, abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Da asuba in ta ji inji da sanyi, ita da kanta take ƙara mai. Shi ya sa babu cok.

Yaya, abin da nake so Kawu ya fahimta shi ne ba cire wannan a ɗaura wancan ba ne kawai. Famfon mai na kafireto, a ma'aunin da mai faci ke gwada taya, bai fi 4 zuwa 6 yake turawa ba. Na feshi yana neman wajen 43, ya fi iskar tayar ƙaramar mota. Don haka sai sabon famfo na lantarki, sai tiyo mai jure matsi, sai matata mai kyau, sai bututun da zai mayar da rarar mai tanki, sai a huda salansa a dasa mai shinshinar nan. In aka bar tsohon tiyo, ranar da ya fashe a kan inji mai zafi ba a magana.

Malamar Hausa daga Kazaure:
Sannunku da ƙoƙari. Ni dai ban ga laifin aro ba. Kafireto, lagireto, totur, salansa, duk baƙi ne da suka zauna har suka yi jikoki, kuma kafireto bai taɓa hana kowa salla ba duk da sunansa. Injekta ma zai zauna ko mun so ko mun ƙi. Amma ku lura, sunan da ke kama bakin mutane shi ne wanda ke nuna hali ko aiki: a-kori-kura, a-daidaita-sahu, dafa-duka. Ba kwamiti ne ya zauna ya raɗa su ba.

Muna da wani ƙira a harshen nan: mai yawan mantuwa mantau, mai yawan makara makarau, wanda ya gagara gagarau. To shi ɗan bakin da ba shi da aiki sai fesawa, me zai hana a ce masa fesau? Gajere ne, yaron gareji zai iya ƙwala shi daga ƙarƙashin mota. Tsarin gaba ɗaya kuwa, daga bayanin ɗan'uwanmu na ji kalma ɗaya tana ta dawowa: awo. Feshin awo.

Direban tifa daga Gaya:
Malama, kin taimake mu. Mu masu gas in an ce injekta, babban famfon nan muke nufi, wanda in ya lalace sai ka sayar da sa. An sha samun ruɗani a kan haka da masu ƙananan motoci.

Ƙanen mai tambaya:
Malama, na karɓi feshin awo, da ƙari ɗaya. Ita kanta 504 an yi wata irinta a Faransa mai feshi, da famfon kamfanin Kugelfischer, amma ƙarfe ne zalla ke awon, babu kwamfuta. Mai lantarkin da aka fara yi da yawa shi ne na kamfanin Bosch na Jamus, wanda aka sa wa Volkswagen a 1967. Tunda iri biyu ne, namu sai mu ce feshin awo na lantarki in ana son bambancewa. A bakin gareji feshin awo ya isa.

Bakanike daga Wudil:
Fesau ya yi mini, ba zan ɓoye ba. Amma ɗana, gaya wa kawunka wannan kafin ya kunce lalitarsa: fesau ba ya shiri da man ƴan bumburutu. Ramukansa kamar bakin allura suke, ɗan datti ko ruwa a galan ya isa ya toshe su. Kafireto in ya shaƙe a dajin Maigatari, sukundireba da bakinka sun isa, ka hura ka mayar. Wannan in ya tsaya sai a nemo mai kwamfuta daga birni. Kuma in ringin inji ya ci, ko me ka ɗora masa mai zai sha. A fara gwada ƙarfin injin tukuna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Abin da na ɗauka: fesau ga ɗan bakin, feshin awo ga tsarin, ƙwaƙwalwa ga biren bos. Allura ta koma gidanta.

Jiya bayan la'asar na sami Kawu a ƙofar gida, bonet a buɗe. Na ɗauko injin feshinsa na wake na ce, wannan na cikin motarka zuƙa yake, wanda ake so a sa fesawa yake, kuma sai ya auna. Ya ce, "Yo ai da haka ka ce tun farko." Ya tambayi kuɗin, ƙanena ya lissafa masa tun daga famfo har wayoyi. Ya yi shiru, ya gyara hula, ya ƙwanƙwasa murfin kafireto da ɗan yatsa ya ce, "A wanke mini zuƙau ɗin nan tukuna. Maganar fesau sai an sayar da riɗi."