Gidan gadonmu a Jidda: mu gyara banɗakuna da ɗakuna kafin mu sayar, ko mu bar shi haka?

'Yar Safa:
Slm 'yan uwa, shawara nake nema dan Allah. Baba ya rasu bara, ya bar mana gida hawa biyu a unguwar Safa a nan Jidda, tun wajen 1985 aka gina shi. Mu bakwai ne magada, mun daidaita a sayar a raba tunda kowa da inda yake zaune, amma maganar gyara ce ta raba mana kai. Babban yayanmu yace a sa shi a kasuwa yadda yake, ni da ƙanwata kuma muna ganin ba wanda zai leƙa banɗakunan nan ya fito da sha'awar saye. Guda huɗu ne, tayil ɗinsu kore da ruwan hoda irin na da, ga banyo (bahon wanka) da ba mai shiga, na sama kuma yana yoyo har fentin silin ɗakin Mama ya kumbura yana zubowa. Ɗakunan kwana mokit (kafet) ne manne a ƙasa, ga mukayyif (AC) na taga mai ƙara kamar injin markaɗe. Abin da za mu iya haɗawa bai wuce riyal dubu 70 ba. Dillali ɗaya yace fenti kawai za mu shafa ya rufe komai, wani yace mu fasa duka. Wlh kaina ya ɗaure, a gidan nan aka haife ni bana so a taya shi a wulaƙance.

Sabbak Ɗan Makka:
Wslm Hajiya, Allah ya jiƙan Baba ya sa Aljanna ce makoma. Aikin famfo nake yi sama da shekara 20, kuma zan gaya miki gaskiya, wanda yace ku shafa fenti kan yoyo bai ba ku shawarar arziki ba. Wata biyu ma ba za a yi ba tabon zai dawo, ballantana a Jidda da iskarta ke cike da danshi, kuma ɓoye aibi a ciniki ha'inci ne, ba a so kuɗin gado ya gauraya da irin wannan.

Yawancin gidajen lokacin bututun ƙarfe aka sa musu a cikin bango, yanzu duk ya yi tsatsa, shi ya sa za ki ga ruwa na fitowa ja da safe ko ƙarfinsa ya ragu a sama. Tun kafin ki kira kowa ki gwada da kanki, ku cika tankin sama ku rufe duk famfunan gida da dare, in da safe ruwan ya sauka to akwai inda yake tsiyaya. Banɗakin da ke yoyo ba shi da magani sai fashi, a ɗaga tayil da yashin da ke ƙarƙashi har a kai kan kankare, a sa koren bututun roba wanda ake haɗawa da zafi, a gwada shi da matsi kafin a rufe, sannan a yi azal, wato shafen hana ruwa ratsawa, ya hau jikin bango kamar kamu ɗaya da rabi, a toshe magudana a cika wurin da ruwa ya kwana biyu cur kuna leƙa silin ƙasa. In bai jiƙe ba sai mai tayil ya shigo. Kada ki yarda kowa ya tsallake gwajin nan don yana sauri, nan ne ake cutar mutane. Ki kuma tsaya kan mai tayil ya ba ƙasan gangare zuwa magudana, zuba bokiti ɗaya ya isa ki gani.

Banɗakunan ƙasa in bututunsu lafiya ba sai an fasa ba. Sauran abu ɗaya, wuta. Tsoffin gidaje na da soket na 110 da na 220 a haɗe, ƙasar kuma ta koma 230, a samu mai wuta ya duba allon da wayoyin hita.

Maman Biyu Madina:
Allah ya jiƙan Baba 'yar uwa. Mun sayar da namu shekara biyu da suka wuce, abin da na lura shi ne namiji yana tambayar mita nawa ne fili da faɗin titi, amma matarsa banɗaki take fara buɗewa, kuma hancinta ne ke yanke hukunci kafin idonta. Gidan da aka rufe ruwan magudana yana bushewa wari ya taso, ku riƙa zuba ruwa duk mako. Banyo a cire, a yi shawa kawai. Tayil fari ko ruwan ƙasa mai haske, kada ku zaɓi abin da ke burge ku, ba ku za ku zauna ba. Amma ni ban yarda a mayar da duk masai na zama ba, ku bar na tsugunno ɗaya a ɓangaren baƙi, akwai dattawan da har gobe shi suke so. In za a canja wa masai wuri a lura kar ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, masu saye suna dubawa sosai.

Ɗakuna kam ba sa cin kuɗi. Mokit ɗin nan ku ɓanɓare shi, ya sha ƙura da turaren wuta na shekaru, wani lokacin ma sai ku tarar da balat (tayil ɗin daɓe) mai kyau a ƙarƙashi wanda gogewa kawai yake so. Fenti kala ɗaya, fitilu masu haske, hannun ƙofa sabo. Adon jibis a silin asara ce.

Kawun Ruwais:
'Yata, kafin ku kashe ko riyal ɗaya ku fara gano wa zai sayi gidan. Gida mai shekara 40 a Safa, wani mai sayen, filin kawai yake so, ya rushe ya tayar da bene, irin wannan ko zinare kuka liƙa a banɗaki ba zai ƙara muku ko halala (kwabon riyal) ɗaya ba, a nan yayanku na da gaskiya. Mai saye ta banki kuma ana turo masa mai ƙima, shi ma shekarun gini yake fara dubawa. Ku samo mai ƙima mai lasisi ya faɗa muku kuɗin fili daban na gini daban.

Sannan takardu. Sakkin gidan, wato takardar mallaka, an mayar da shi na lantarki? Kun fitar da takardar tantance magada, kowa ya ba mutum ɗaya wakala ta Najiz, shafin ma'aikatar shari'a? Ku duba Baladi ma, shafin hukumar birni, ko aikin zai buƙaci izinin tarmim, wato na gyaran gini. Ku sa harajin cinikin gida a lissafi, kashi 5 cikin 100 ne tun Oktoban 2020, ga la'adar dillali kashi 2.5. Kuma duk wanda ya zuba kuɗin gyara a rubuta nawa ya sa, ku bakwai ku sa hannu cewa za a cire masa kafin rabo. Na ga gidan da 'yan uwa suka daina gaisawa kan kuɗin tayil, abin ya daɗe yana damuna.

'Yar Safa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kawu sakkin har yanzu na takarda ne wlh, ba wanda ya tuna da shi a cikinmu, gobe ƙanina zai fara bi. Mun yi gwajin tankin jiya, da asuba ya sauka kusan rabin kamu. Na tura wa Yaya duk abin da kuka rubuta, yace ya yarda a kawo mai ƙima, kuma ko za a gyara ko ba za a gyara ba sai an faɗa wa mai saye maganar yoyon. Malam Sabbak, in mai ƙima yace ginin na da sauran daraja, banɗakin sama ɗaya kwana nawa zai ci daga fashi zuwa tayil? Mama na cikin gidan har yanzu, sai na san inda zan kai ta.