Keke ɗaya mai tsada ko kekuna huɗu na gwanjo: wanne ya fi wa yaranmu amfani?

Mai gyaran keke, Aboabo:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ni mai gyaran keke ne a Aboabo, nan Kumasi, kuma shekara biyu ke nan ni da abokaina uku muke tara yaran unguwa muna koya musu tseren keke, aikin sa kai ne, babu mai biyanmu ko sisi. Yaran su 14 ne, 'yan shekara 11 zuwa 16, kekunanmu kuwa shida ne kacal, duk na gwanjo da na harhaɗa a rumfata. Mukan fita ranar Lahadi bayan sallar asuba, kafin trotro da pragya, wato motocin haya da babura masu ƙafa uku, su cika titi, mu bi hanyar Ejisu mu dawo.

Yanzu mun yi karo-karo, kuɗin da muka tara zai sayi keken tsere na ƙwarai guda ɗaya, ko kuma na gwanjo huɗu. Akwai wani yaro ɗan shekara 15 da Allah ya ba shi ƙafa. Ranar da muka je tafkin Bosomtwe, a hawan da ake yi daga Abono, ya bar mu mu manya a baya da silifas a ƙafarsa, sarƙar kekensa tana ta ƙara, muka tarar da shi a sama yana jiranmu ko haki ba ya yi. Biyu daga cikinmu sun ce a saya masa mai tsadar, ni da ɗayan muna tausayin yara takwas da ke tsayuwa a bakin titi suna jiran a sauka su hau. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu sanin wannan harka.

Tsohon ɗan tsere, Asawase:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka muku da alheri. Shawarata ita ce ku sayi huɗun, kuma ba tausayi kaɗai ya sa na faɗi haka ba. Yaro ɗan shekara 15 bai gama tsawo ba, keken da ya yi masa daidai bana zai iya yi masa kaɗan baɗi, kuma keken tsere idan bai dace da jikin mai shi ba ciwon baya da na gwiwa yake jawowa. A ƙa'idar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, rukunin matasa na 'yan shekara 17 da 18 ne, saboda haka yana da sauran lokaci.

Abin da yake bukata yanzu ba a sayensa a kanti: ya iya tafiya a bayan wani taya kusa da taya ba tare da ya firgita ba, ya san inda zai kama birki kafin kwana, ya saba juya feda da sauri a giya mara nauyi maimakon ya riƙa danna mai nauyi don a ce yana da ƙarfi. Duk wannan sai cikin taro ake koyonsa, kuma yaron da ba shi da abokan karawa a gida ba ya yin nisa a waje. Dubi Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya ci zango uku da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a babbar gasar tseren keke ta Faransa, Tour de France, ta 2024. A Asmara ya tashi, garin da tseren keke ya zama ruwan dare, cikin ɗimbin yara masu gasa da juna aka gano shi kafin a kai shi cibiyar horo ta UCI a Suwizalan.

Ku zaɓi wanda ya fi lafiya a cikin huɗun, ku sa masa sabuwar sarƙa da tayoyi masu kyau, yaron ya riƙa hawa, amma kowa ya san na ƙungiya ne. Ku kuma duba tsayin sirdinsa: idan ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunsa ya karkace ba.

Uwar yara, Sabon Zango:

Malam, ban ji kun ambaci hular kwano ba, kuma ita ce ta sa na yi magana. Ɗana ya taɓa faɗawa rami da keke ba hula a kansa, ni na riƙe masa hannu ana yi masa ɗinki a goshi, har yau tabon yana nan. Ku sayi kekuna uku, kuɗin na huɗun ya tafi ga huluna da robar birki, tunda kuna kai 'ya'yan mutane gangaren Abono. Sannan ku je gida-gida ku nemi yardar iyaye baki da baki, ku tabbatar yaran suna dawowa kafin a shiga makaranta ranar Lahadi, domin idan malamai suka ce keke ne ke hana karatu, a ranar za a janye muku yara.

Malamin firamare, Nima:

Ina gaishe ku daga Accra. Na yarda da Baba da Hajiya a kan sayayya, sai dai ina tsoron kada adalcin rabo ya sa a binne yaron a unguwa. Lokacin wasannin Afirka da aka yi a nan a watan Maris na 2024 na ga irin kekunan da baƙi suka zo da su, na kuma fahimci cewa ba a sanin gwani sai ya tsaya a layi ɗaya da gwanaye. Ku nemi hukumar tseren keke ta Ghana ku tambayi yadda ake rajistar ƙungiya da 'yan wasa, ku adana takardar haihuwarsa tun yanzu, tunda da shekaru ake raba rukuni. Ku ware kuɗin mota don kai shi gasa ko sau biyu a shekara, keken ranar tsere kuwa ana iya aro. Maƙwabtanmu na Burkina Faso suna gudanar da gasar tseren keke ta Tour du Faso tun 1987, kuma a Satumban 2025 an yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali, babban birnin Ruwanda, karo na farko a Afirka, don haka hanyar ba mafarki ba ce. Ku kuma buɗe littafin shiga da fitar kuɗi, ku huɗun ku riƙa sa hannu.

Mai gyaran keke, Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa abokaina jiya da daddare, mun tsaya a kan kekuna uku da huluna, ɗaya daga cikinmu kuma ya ɗauki nauyin sayen takalmin yaron daga aljihunsa. Hajiya, gobe in sha Allah za mu fara zagaya gidajen. Baba, idan da hali ku zo rumfata ranar Lahadi bayan asuba ku duba mana tsayin sirdin yaran, domin ina zargin duk mun sa su ƙasa da yadda ya kamata.