Daidaito ko bin kiɗa? Muhawara kan shugabancin jinya da karatun digiri na biyu

Mai buɗe zance: Don Allah masu horar da shugabannin jinya su daina damun mu da waƙar "ku daidaita aiki da karatu da iyali". Kwas biyu masu kiredit 3 kowanne, a lissafin awa ɗaya a aji da biyu a gida ga kowane kiredit, awa 18 ke nan a mako. Wanda ya tashi daga dutin awa 12, ina zai samo awa biyu da rabi kullum? Bin kiɗa ne mafita. Ranar duti kada a buɗe littafi. A tara karatun a ranakun hutu uku, awa shida-shida, a bar rana ɗaya fayau. Makon jarrabawa a rage taruka, makon tantance asibiti a ajiye kundin bincike. Mai ja ya fito.

Nas ɗin dare: Hutu? Wane hutu, Malam? Wadda ta sauka daga dutin dare uku a jere, ranar farko ba hutu ba ce, biyan bashin barci ne. Ta miƙa aiki da safe, ta kwanta, kafin azahar ido ya bushe, domin agogon jiki bai yarda dare ne ba. Ranar nan shafi ɗaya sai a karanta shi sau uku.

Shugabar sashe: Ƙanwata, a rosta, wato jadawalin duti, an rubuta hutu, to hutu ne. Ku ma da sauƙi. Mai riƙe da sashe waya ba ta barin ta: wani bai zo ba, magani ya ƙare, dangin majinyaci sun kawo ƙara.

Nas ɗin dare: Ranki ya daɗe, wa ya rubuta rostar? Ku ne kuke sa mutum ya tashi ƙarfe 9 na dare ya dawo 7 na safe. Awa 10 ke nan, a cire hanya da wanka. Dokar Tarayyar Turai ma hutun awa 11 a jere ta ce mafi ƙaranci.

Malamin jinya: A nan nas ɗin dare ta fi gaskiya. Juyin duti ya bi gaba: safe, yamma, dare. Jiki ya fi jure jinkirta barci a kan a matso da shi. Binciken 1997 kuma ya nuna awa 17 ba barci tana rage kaifin hankali kamar barasa mai ma'aunin kashi 0.05 cikin ɗari a jini. Da wannan kan za a lissafa ɗigon ruwan jijiya?

Ɗalibin digiri na biyu: Ai dutin awa 12 ne ummul-haba'isi. A koma awa 8.

Shugabar sashe: Kai yaro, awa 8 miƙa aiki sau uku ne a rana maimakon biyu, kuma a wurin miƙawa bayani ke zubewa. Sannan kwana biyar za ka zo. Ranakun karatun naka fa?

Malamin jinya: Hajiya, binciken da aka wallafa a Amurka a 2004 ya gano haɗarin kuskure yana ninkawa kusan sau uku idan duti ya kai awa 12 da rabi.

Shugabar sashe: Na aji dai sun iya kawo lambobi. Ku zo ku cike rosta da nas shida.

Mai buɗe zance: Jama'a, maganar kiɗa fa nake yi.

Mai kula da zaure: Zan taƙaita. An yarda daidaito na kullum ba ya yiwuwa. An kuma fahimci cewa nauyin shugabannin sashe ya fi na kowa, don haka su naɗa mataimaki mai cikakken iko a ranakun karatunsu, a rubuce, da jerin abin da ya isa a kira su a kai. Ƙorafin rosta kuwa rashin sanin wahalar tsara ta ne. An rufe.

Nas ɗin dare: Wa ya yarda? Kuma ina maganar awa 11 ta shiga?