Bayan tiyatar rage ƙiba: cin abincin biki, fita da abokai da batun giya

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Don Allah masana a taimaka. Yayana ne aka yi wa tiyatar rage ƙiba a Turkiyya wata huɗu da suka wuce, irin wadda ake kira baifas. A gida muna kula da abincinsa, amma ga lokacin bukukuwa ya zo, kuma aikinsa na yawan zama da baƙi a otal ne. Me zai iya ci a wajen biki ko gidan abinci, me zai guje wa? Ya zai yi da masu cewa sai ya ci? Sannan, ba zan ɓoye ba tunda neman lafiya ake, kafin tiyatar yakan taɓa giya idan sun zauna da abokai. Yana cewa kwalba ɗaya ba za ta yi masa komai ba. Gaskiya ne?

Masaniyar abinci:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Fara da sanin girman abin da ya rage masa. A baifas, 'yar jakar da likita ke bari a saman tumbi ba ta wuce girman ƙwai ba, wajen mililita 30 a farko, kuma an haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Wanda aka yi wa wani nau'in tiyatar da ake kira silib kuwa an yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbinsa, saura ya zama kamar ayaba. A wata na huɗu, yayanki zai ɗauki kamar rabin kofi a zama ɗaya, wani ma bai kai ba. To duk abin da zai shiga wannan ɗan wurin sai ya zama mai amfani.

Abin da ake so ya samu a yini shi ne furotin giram 60 zuwa 80. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kifi giram 100 yana ba da wajen 20, ƙirjin kaza dafaffe giram 100 wajen 30. Don haka idan aka ajiye masa faranti, da nama ko kifi zai fara, sai ganye, shinkafa ita ce ta ƙarshe idan wuri ya rage, kuma yawanci ba ya ragewa. A teburin biki abin da ya fi masa sauƙi: kifin farfesu, kaza mai romo wadda ta dahu luguf, alala, dafaffen ƙwai, wake da ya nuna sosai. Soyayyar kazar biki da ta sha mai ta bushe, wannan ta fi kowa maƙalewa.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne tuwo. Mu ba ma tauna tuwo, loma ake yi a dangwala miya a haɗiye. Ƙofar da ke tsakanin jakar da hanji ƙarama ce, faɗinta bai fi na ɗan yatsa ba. Lomar tuwon shinkafa, sakwara ko teba da aka haɗiye ɗungurungum za ta tsaya a nan, sai ka ga mutum ya kama ƙirji, yawu mai kumfa na taruwa a bakinsa, daga nan sai amai. Idan lallai zai ci, loma kamar girman gyaɗa biyu, miya mai yauƙi irin kuka ko kuɓewa, kuma ya tauna duk da ba haka aka saba ba. Biredi mai laushi, masa da funkaso su ma dunƙulewa suke yi a ciki.

Kowace loma a tauna ta sau 20 zuwa 30, a ajiye cokali tsakanin loma da loma, a ɗauki minti 20 zuwa 30 ana ci. Idan minti talatin ya cika a tsaya ko da saura. Alamar ƙoshi yanzu ba a ciki take ba: shaƙuwa, gyatsa, atishawa, hanci ya fara zuba, ko nauyi a ƙarƙashin ƙashin ƙirji. Da ya ji ɗaya daga ciki, ya cire hannu. Loma ɗaya bayan wannan ita ce mai fitar da duk na baya.

Ruwa kuma ba ya haɗuwa da abinci. Ya daina sha minti 30 kafin ci, ya jira minti 30 bayan ci. Ruwa yana wanke abincin ya tura shi hanji da wuri, ko kuma ya cike wurin da furotin zai zauna. Amma a sauran yinin sai ya sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu, wato ledar fiya wata guda uku zuwa huɗu, kurɓi-kurɓi.

Ma'aikacin jinya a sashen tiyata:

Hajiya ta yi bayani mai kyau. Zan ƙara a kan abin sha, don a biki shi ne ya fi kayar da masu baifas, ba abinci ba.

Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen giram 37, kusan ƙaramin cokali tara. A da wannan sukarin yana zama a tumbi ya riƙa sauka a hankali. Yanzu babu mai tsaron ƙofa, gaba ɗaya yake afkawa hanji. Hanjin sai ya jawo ruwa daga jini don ya tsarma shi. Cikin minti 10 zuwa 30 sai gumi, bugun zuciya, jiri, murɗar ciki, gudawa. Wannan shi ne nau'in farko na matsalar da zaƙi ke jawo wa mai baifas, kuma maganinsa ya samu wuri ya kwanta har ya wuce. Nau'i na biyu yana zuwa ne bayan awa ɗaya zuwa uku: sukarin ya hau da sauri, jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, fiye da kima, sai sukarin ya faɗo ƙasa warwas. Rawar jiki, yunwa mai tsanani, ruɗewa, wani har ya suma. Wannan ya fi haɗari, domin lokacin an tashi daga taro, mutum yana kan sitiyari. Idan da na'urar gwaji aka ga sukarin jini ƙasa da 70 (mg/dL), a ba shi sukari kamar giram 15, misali cokali babba ɗaya a ɗan ruwa, bayan minti 15 a sake gwadawa, sannan a bi shi da ƙwai ko gyaɗa don kada ya sake faɗuwa.

Kada a ruɗe da cewa ai na gida ne. Zoɓon biki, kunun aya mai dabino, fura da nonon da aka zuba wa sukari, shayi mai madarar gwangwani mai kauri, Maltina da 'yan'uwanta, duk hanya ɗaya suke bi. Haka alkaki, dubulan, nakiya da kek ɗin amarya. Zoɓo ba sukari ba laifi. Nono tsantsa ma yana da kyau, sai dai wasu bayan baifas cikinsu ya daina jure madara, to a gwada a gida tukuna. Dokar da nake ba kowa ita ce kada a fara gwada sabon abu a gaban jama'a. Duk abin da bai taɓa ci ba tun bayan aikin, ya fara cinsa a ɗakinsa, kusa da banɗaki.

Abu mai gas kuma, ko da marar sukari ne, yana kumbura 'yar jakar ya sa ciwo.

Likita:

Ƙanwata, batun giya. Hukuncinta a addini kowa ya sani, ba sai na maimaita ba. Ni abin da take yi wa jikin da aka yi wa baifas zan faɗa, ki karanta masa.

Kwalba ɗaya da ya sani a da ba ita ce ta yau ba. A cikakken tumbi giya tana ɗan daɗewa, kuma akwai sinadari a bangon tumbin da ke fara karya wani ɓangare nata kafin ta shiga jini. Baifas ya tsallake wannan duka. Giyar tana isa ƙaramin hanji nan take, inda ake tsotse ta da sauri. Yawanta a jini yana kaiwa ƙololuwa cikin minti 10 zuwa 15, kuma yana iya kusan ninka na wanda ba a yi wa aiki ba. Kofi biyu sai su yi masa aikin huɗu. Ga shi nauyinsa yana raguwa, ga shi ba zai iya cika ciki da abinci kafin ya sha ba. Mutum zai ji kamar garau yake, alhali ya wuce matakin da za a bar shi ya tuƙa mota.

Na biyu, hanta. A watannin da ƙiba ke zubewa da sauri, hanta tana cikin aiki mai nauyi, ajiyarta ta sukari kuma kaɗan ce saboda ƙarancin ci. Giya tana hana hanta ƙera sabon sukari. Sai sukarin jini ya faɗi, kuma alamunsa iri ɗaya ne da maye: tangaɗi, magana na harɗewa, barci. Abokai za su ce ya bugu ne a bar shi ya kwanta. A nan ake rasa mutum.

Na uku, gyambo. Wurin da aka ɗinke jakar da hanji yana saurin yin olsa. Abubuwa uku ne suka fi jawo ta: taba, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da giya. Shisha tana cikin taba, kada a ce ai 'ya'yan itace ne. Abin takaici, ukun tare suke tafiya: a sha da daddare, a busa shisha, da safe kai na ciwo a aika kemis a sayo diclofenac. Baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, ko ciwo mai tsanani a saman ciki, asibiti ne a daren, ba a jira safiya.

Na huɗu, bitamin B1. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, cikin makonni kaɗan yake ƙarewa. Baifas ya rage tsotsarsa, giya tana ƙara ragewa, amai yana ƙarasa sauran. Ƙarancinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: gani bibbiyu, kasa tafiya daidai, mantuwa, ƙafafu su mutu. Idan aka makara ba ya dawowa duka. Duk mai baifas da ya yi kwanaki yana amai, a ba shi B1 ta allura kafin a ɗaura masa ruwan sukari.

Sai wanda mutane ba sa so a faɗa. An lura cewa haɗarin kamuwa da jarabar giya yana ƙaruwa bayan baifas, kuma ba a watannin farko yake fitowa ba, ya fi bayyana daga shekara ta biyu, lokacin da kowa ya saki jiki. Abincin da mutum ke huce damuwa da shi an rufe masa ƙofarsa, ga wani abu mai aiki cikin minti goma. Wanda dama yana sha kafin aikin ya fi kowa shiga wannan. Yawancin cibiyoyin tiyata suna cewa babu giya sam a shekarar farko, wasu su ce wata shida, da yawa kuma su ce mai baifas ya haƙura da ita har abada. Ga yayanki, da tarihinsa, ni na ƙarshen zan ce. Ko ta fuskar ƙibar ma asara ce: babbar kwalba mai santilita 60 tana da barasa wajen giram 24, kowane giram kalori 7, ban da na hatsin da ke ciki, kuma furotin ɗinta bai taka kara ya karya ba.

A kula da giyar da ba a kiranta giya: magungunan ɗaci na kwalba da ake sayarwa a tasha da sunan maganin basir ko ƙarfin maza, da yawansu barasa ce mai ƙarfi. Wasu magungunan tari na ruwa ma akwai ta. A karanta jikin kwalba.

Masaniyar abinci:

Na manta batun masu matsa masa. Kada ya je taro da yunwa, ya ci ƙwai ko yogot marar sukari awa ɗaya kafin ya fita. Ya riƙe gorar ruwa a hannu, wanda ke riƙe da abin sha ba a cika miƙa masa wani ba. Idan ana ci a tire ɗaya, ya nemi ƙaramin faranti ya ɗebi nasa, don a tire hannu yana bin saurin na kusa da shi. Ba dole ya yi wa kowa bayanin tiyata ba. "Likita ya sa min doka" ta isa, ba wanda ke jayayya da ita. Idan uwar biki ce ko surukai, ya ɗanɗana naman ya yaba, ya ce a ƙulle masa sauran ya tafi da shi gida. An karɓi karamci, ba a ɓata wa kowa ba. A otal kuma ya nemi gasasshen kifi ko farfesu maimakon cikakken faranti, ya ce a kawo miya a gefe.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. To tsire da kilishi fa? Na ɗauka tunda nama ne sun fi masa.

Ma'aikacin jinya a sashen tiyata:

Furotin kam akwai, matsalar bushewa ce. Kilishi ba ya narkewa da tauna, zare-zare yake zama ya dunƙule a ƙofar, ga yaji ga ƙuli-ƙuli, wani kuma har da sukari a haɗinsa. Ya bar shi sai bayan wata shida zuwa shekara. Tsire idan mai taushi ne, da zafinsa, ba jijiya ba kitse, a yanka ƙanana a kakkaɓe yajin, yanka uku zuwa huɗu zai iya gwadawa a gida. Wanda ya kwana aka ɗumama a'a. Idan kuma wani abu ya maƙale, kada a ce ya kora da ruwa, ruwan zai dawo ne tare da shi. Ya tashi ya yi tafiya a hankali, ya bar ci. Idan ya sauka, ya koma kan abu mai ruwa-ruwa na yini ɗaya don wurin ya huce. Idan awa ta yi ta wucewa ko ruwa ba ya zama, ku tafi asibiti, kuma ku tafi da takardar aikin da aka ba shi a Turkiyya, don likitan da zai karɓe shi ya san irin ɗinkin da ke ciki.