Siririya mai i7 ko mai ƙiba mai i5: wacce zan ɗauka?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masana kwamfuta ku ba ni shawara kafin in zubar da gumin shekara guda. A Jos nake, Unguwar Rogo. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar sauka, ni nake ɗauka ni nake tacewa da Premiere Pro. Da dare kuma, ba zan ɓoye muku ba, ina taɓa wasan ƙwallo na FC da wasan GTA V a gidan abokina, ina so in riƙa bugawa a ɗakina. Laftof ɗin da nake da ita ta gaji. Bidiyon minti 40 sai in sa ta fitar da shi bayan isha'i, in tashi da asuba in tarar tana nan tana nishi.

Na tara abin da ya kusa miliyan ɗaya. Jiya na zaga shagunan Ahmadu Bello Way na ga guda biyu, duka 'yan gwanjo, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko siririya ce, ba nauyi, firosesa Core i7-1165G7, RAM 16GB, SSD 1TB. Ta biyu mai ƙiba ce, cajarta kamar bulo, Core i5-11400H, RAM 8GB, SSD 512GB, da katin hoto RTX 3050. Mai shagon ya ce ko makaho ya san i7 ta fi i5, kuma ita ma siririyar tana da "girafik 8GB". Zuciyata ta fi kwanta mata, amma ina tsoro.

Mai gyaran kwamfuta, Terminus:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ajiye maganar i7 da i5 tukuna, dubi harafin da ke wutsiyar lambar. Waccan mai G7 an yi ta ne don kwamfutar ofis, ta ci wuta kaɗan batir ya daɗe. Ƙwaƙwalwa 4 gare ta a ciki. Wannan mai H an yi ta don aiki mai nauyi, tana da 6, tana jan wuta har wat 45. Duka 'yan zubi na 11 ne, sa'annin juna. In ka ba su bidiyo ɗaya su fitar, i5 ɗin za ta riga i7 ɗin gamawa. Sitikar da ke jikin akwatin ba ta aiki, abin da ke ciki ne ke yi.

Batun "girafik 8GB" kuwa, koma shagon ka buɗe Task Manager, ka shiga inda ake nuna GPU, wato katin hoto. A siririyar za ka ga Intel Iris Xe kaɗai. Ba ta da ma'ajiyar kanta, aro take yi daga RAM ɗinka, wannan aron ne ake ƙirga maka a ce 8GB. A mai ƙibar za ka ga GPU biyu, na biyun NVIDIA, wato RTX 3050 ɗin nan, da 4GB nasa na kansa. Kamar mai shago ne da mai tallan kayan wani.

Abin da nake faɗa wa duk wanda ya zo wurina: RAM ana ƙarawa, SSD ana canzawa, aikin minti 10 ne da sukudireba. Katin hoto da firosesa a laftof liƙe suke a jikin allon, yadda ka saye su haka za ku rabu. To ka zuba kuɗinka a kan abin da ba ya canzuwa.

Wani ɗan wasa, Rikkos:
Oga ya gama magana. Ƙari kawai: FC 24 mafi ƙarancin abin da suka rubuta yana buƙata shi ne GTX 1050 Ti da RAM 8GB, Iris Xe ba ta ma kai wurin ba. Zai iya buɗewa, amma 'yan wasan za su riƙa tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Sannan FC da GTA V kowanne na neman wajen 100GB. Ka haɗa da Windows da ɗanyen bidiyon biki biyu, 512GB ta cika. Tambayi mai shagon ko akwai gurbin SSD na biyu a ciki, yawancin masu ƙibar nan suna da shi.

Wani ma'aikaci, Bukuru:
Ni dai ban yarda ba. Malam, kai mai yawon ɗaukar biki ne, yau kana Gangare gobe kana Bauchi, ga kyamara ga sandar kyamara ga fitila, ka ƙara kilo 2 da rabi da caja kamar bulo? Ɗauki siririyar don aiki, ka lallaɓa ka sayi PS4 ta gwanjo don wasa. Kuma ku faɗa masa gaskiya, masu ƙibar nan in aka ɗauke wuta ba sa daɗewa.

Mai gyaran kwamfuta, Terminus:
Yallaɓai, da wasa ne kawai matsalarsa da na bi bayanka. Amma abincinsa a tace bidiyo yake. Katin NVIDIA yana da wani sashe da ake kira NVENC wanda aikinsa kawai matse bidiyo, kuma Premiere na jingina da katin wajen gyaran launi da sauran kwalliya. Siririyar za ta iya yanka da haɗawa, ban ce ba za ta iya ba, amma da ya ɗora gyaran launi a kan 4K za ta fara tsayawa tana tunani.

Maganar wuta kuwa gaskiyarka ce, kuma ya kamata ya sani tun yanzu. Da ka cire caja, kwamfutar da kanta take rage wa katin ƙarfi, don batirin ba zai iya ba shi abin da yake nema ba. Wasa a kan batir, in ka samu awa ɗaya da 'yan mintuna ka gode Allah. In kana da sola ko inbata a gida, duba lambar da ke jikin cajar, za ka ga ta haura wat 100, ka yi lissafi da ita. Kada kuma ka karɓi cajar da ba tata ba. Ƙaramar caja za ta kunna ta, amma kana aiki batir na sauka.

Wata mai ɗaukar hoto, Rayfield:
Duk kun manta da sikirin, kuma nan ne ni na sha wuya. Na taɓa sayen irin mai ƙibar nan, an rubuta 144Hz, na ɗauka na more. Biki na farko da na gyara a kanta, ankon ƙawayen amarya ruwan hoda ne mai haske, a sikirina sai ya fito a koɗe, na yi ta ƙara masa launi har ya yi mini daidai. Da uwar amarya ta buɗe a wayarta, anko ya koma ja kamar manja, fuskar amarya kamar an shafa mata jar kanwa. Sai da na sake aikin gaba ɗaya kyauta, ban da baƙar maganar da na sha.

Ashe 144Hz saurin motsi ne kawai, amfanin 'yan wasa. Launi lambarsa daban. Masu araha da yawa 45% NTSC suke, ba sa iya nuna launi cikakke. Abin da kake nema 100% sRGB ne, ko 72% NTSC, kusan abu ɗaya ne. In ba ka samu ba, ba laifi ka saya, amma ka sa a ranka za ka nemi monita mai kyau daga baya, kafin nan kuma duk aikin da ka gama ka tura wayarka ka duba kafin ya je hannun masu shi.

Mai tambaya:
Anti, wallahi wannan ban taɓa tunaninsa ba, na gode. Oga na Terminus, to in na ɗauki mai ƙibar, 8GB ɗin fa? Kuma 4GB na katin ba zai yi mini kaɗan ba nan da shekara biyu?

Mai gyaran kwamfuta, Terminus:
8GB ya yi kaɗan ga Premiere, kada ma ka bar shagon sai an ƙara. A buɗe bayanta a gabanka, in akwai gurbi biyu a sa wani 8GB DDR4 ya zama 16. Sanda biyu sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, don hanya biyu suke bi.

4GB kuwa, FC da GTA V a 1080p zai ɗauke su lafiya. Sababbin manyan wasanni ne za su matse shi. In za ka iya haƙurin wata ɗaya ko biyu ka ƙara kuɗi, nemi mai RTX 3060 ko 4050, duka 6GB ne. 4060 da ta fito a 2023 tana da 8GB amma kuɗinta ya wuce aljihunka a yanzu. Wani abu kuma: suna ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba ne. RTX 3050 akwai wadda aka ɗaure a wat 35, akwai mai kaiwa 80. NVIDIA Control Panel na nuna wannan a shafin bayanan na'ura.

Tunda 'yar gwanjo ce, kada kunya ta hana ka zama. Tafi da filashi mai manhajojin CrystalDiskInfo da HWiNFO. Na farko zai nuna maka lafiyar SSD da awannin da ta yi tana aiki. Na biyu ka bar shi a buɗe ka kunna wasa minti 20, ka ga zafi. In firosesa ta manne a 95 zuwa sama tana rage gudu, ko fanka ɗaya na ƙara kamar injin markaɗe, a sake man sanyaya ko ka bar musu kayansu. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport ka ga abin da ya rage a batirin. A rasit kuma a rubuta lambar jikin kwamfutar da kwanakin gwaji.

Sanyin Jos zai taimake ka, 'yan Kano ba su da wannan gatan. Amma ƙurar hunturu ba ta bar kowa ba. Makon jiya na buɗe wata, abin da na zaro tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya kamar audugar katifa, mai ita a kan bargo yake buga wasa. Ta ƙasa take shan iska, a kan tebur za ka riƙa ajiye ta.

Wani ɗan wasa, Rikkos:
In ba ka samu mai 3060 a Jos ba, Banex a Wuse 2, Abuja, akwai zaɓi da yawa. Amma ka je da ƙafarka, kada ka tura kuɗi a sako maka a mota.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, jama'a. Na koma ɗazu na buɗe Task Manager a siririyar, Iris Xe ce kaɗai kamar yadda aka ce, mai shagon ya yi dariya ya ce ashe na zo da malamai. Mai ƙibar tana da gurbin RAM biyu da na SSD ɗaya a buɗe, amma sikirinta 45% ne. Ina da biki biyu a ƙarshen wata, zan jira kuɗinsu in gwada neman mai 3060. Oga, ranar Asabar kana shago? In na samu ina so in kawo maka ka duba kafin kwanakin gwajin su ƙare.

Mai gyaran kwamfuta, Terminus:
Ina nan har la'asar. Ka taho da cajar.