Nauyin mol ɗaya na iskar haidirojin: 1 ne ko 2?

Auta: Jama'a ku raba mu gardama. An ce a nemo mol (ma'aunin ƙidayar ƙwayoyin sinadari) nawa ne a giram 10 na iskar haidirojin. Na raba 10 da 1.008, na samu 9.9, aka ce ba haka ba ne. To ai ga 1.008 nan ƙuru-ƙuru a jadawalin sinadarai!

Yaya Babba: Jadawali bai yi ƙarya ba, Auta, amma nauyin atam, wato ƙwayar zarra ɗaya, yake ba ka. A iskar haidirojin atam ba sa zama ɗai-ɗai, bibbiyu suke manne da juna, shi ya sa ake rubuta H₂. Ka ninka 1.008 sau biyu, giram 2.016 ke nan a kowane mol. Raba 10 da shi, za ka ga kusan 4.96.

Auta: Yaya, da aka tambaye mu hiliyam lambar jadawali muka ɗauka, 4.003, ba wanda ya ce a ninka. Me ya sa sai haidirojin?

Yaya Babba: Hiliyam ɓawon atam ɗinsa a cike yake da ƙwayoyin lantarki (electron) guda biyu, ba ya neman kowa. Haidirojin guda ɗaya tal gare shi, sai ya haɗa da ɗan'uwansa su yi tarayya.

'Yar Baba: Ni fa ina bayan Auta. A sararin samaniya akwai giza-gizan haidirojin da atam ɗinsu ke yawo ɗai-ɗai, kuma su ma iska ne. Mai tambaya ne ya kamata ya rubuta H₂ ya huta.

Malam: Abin da kika faɗa game da samaniya gaskiya ne, amma can atam ɗin sun yi nesa da juna ne ƙwarai, ba sa cika haɗuwa. Mu dawo kan sikeli. A ma'aunin zafi 0 na Salshiyas da matsin iska na yau da kullum, lita ɗaya ta haidirojin giram 0.0899 take yi. Mol ɗaya na iska kuwa yana cika lita 22.4. Ku ninka: 2.01. Da ɗai-ɗai suke da rabin haka za a gani.

Kuma ba yau aka fara wannan rigimar ba. Masanin kimiyya Dalton kansa ya ɗauka ruwa HO ne, wato haidirojin ɗaya da oksijin ɗaya. Wani masani, Avogadro, ne a 1811 ya ce iska iri-iri, in girman mazubi da zafi da matsi ɗaya ne, adadin ƙwayoyinsu ɗaya ne. To lita ɗaya ta haidirojin da lita ɗaya ta kulorin suna ba da lita biyu ta HCl, iskar da kowace ƙwayarta ke da haidirojin ɗaya da kulorin ɗaya. Ta yaya ɗaya za ta wadaci biyu in ba kowace ƙwaya rabewa take yi ba? Duk da haka sai bayan taron masana sinadarai a birnin Karlsruhe na Jamus a 1860, da masani Cannizzaro ya sake bayani, maganar ta zauna.

'Yar Baba: Malam, na ji batun sikeli, amma ban janye ba. In aka ce "haidirojin" kawai ba a ce "iska" ba fa?

Malam: Nan kam kina da hujja. In tambaya ta ce a nemo nauyin mol ɗaya na ruwa, H₂O, 1.008 za ki ɗauka sau biyu, ki ƙara 15.999 na oksijin, 18.015.

Auta: To oksijin da naitirojin su ma ninkawa zan yi?

Yaya Babba: Eh, 32 da 28. Kulorin kuma kusan 71. Iskar argon kuwa, kamar hiliyam, ka bar ta yadda ka gan ta a jadawali.